Fim ɗin Hutun Rabin Lokaci

Auta ta koyi riƙe kyamara ne a shagon hoton yayanta, wani ɗan ɗaki mai shuɗin labule da fanka mai ƙara, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Aikinta ɗaukar hoton fasfo da tace bidiyon bikin yaye ɗalibai. Ta iya aikin har ta fara gajiya da shi. Ita burinta ta yi fim na gaske, wanda mutane za su kalla su tashi da wani abu a ransu.

Da zaɓen kansiloli ya ƙarato, ta je yin rajistar katin zaɓe. Ta yi sammako don gudun layi, sai ta tarar ba kowa. Ma'aikata biyu na zaune, ɗaya na gyangyaɗi, ɗaya na wasa da waya. Har suka yi mata godiya da ta zo. A hanyarta ta komawa da yamma ta bi ta gaban gidan kallon ƙwallo na unguwarsu. Ba masaka tsinke. Samari har a kan taga, wasu sun ɗare katanga suna leƙe.

Ta tsaya cak a tsakiyar titi, har wani mai babur ya yi mata tsawa.

"Ashe nan kuke!" ta ce a fili, ta kwasa da gudu sai shago.

Washegari ta sami mai gidan kallon, wanda kowa ke kira Manaja, yana share ɓawon gyaɗa daga ƙarƙashin benci. Ta roƙe shi ya ba ta hutun rabin lokaci ta nuna ɗan gajeren fim a kan zaɓe.

Manaja ya jingina da tsintsiyarsa ya dube ta sama da ƙasa. "Ƙanwata, waɗannan yaran ko tallan sabulu aka sa sai sun yi ihu. Amma tunda ke ce, zo ki gwada. In suka fara jifa da robar ruwa, ni ba ruwana."

Auta ta duƙufa. Ta sami wani malamin jami'a ya yi bayani mai tsawo a kan haƙƙin ɗan ƙasa, yana zaune a gaban kantar littattafai. Ta sa kiɗa mai taushi, ta sa rubutu mai kyau. Ita kam fim ya yi mata.

Ranar Asabar alƙalin wasa na hura usur na hutu, Manaja ya sauya allo. Malamin ya bayyana, ya gyara tabarau, ya ce, "Da farko dai, ya kamata mu fahimci ma'anar dimokuraɗiyya."

Ko jimla ta biyu bai kai ba.

"A mayar mana da ƙwallo!"

"Manaja, makaranta muka zo?"

"Wa ya kawo mana wannan baban?"

Rabin ɗakin suka fice shan iska. Sauran suka juya wa allon baya suna gardamar bugun fanareti. Auta ta tattara wayoyinta, idonta ya cika da ƙwalla, ta fita ta ƙofar baya ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

A nan Gola ya same ta. Tare suka yi firamare. Yanzu bakaniken babur ne, kuma shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar unguwa, shi ya sa sunan ya bi shi. Mutum ne da in ya fara magana sai ya ga dama yake tsayawa.

"Darakta, kuka kike?" ya ce. "Ai ke kika ja. Wa ya ce miki ba mu san dimokuraɗiyya ba? Taso ki ga dimokuraɗiyya."

Ya nuna mata bayan katanga. Filin ƙwallonsu ne a da. Yanzu shara ta cinye rabinsa, har ta binne turken raga ɗaya.

Auta ta ɗaga kyamara don ta ɗauki sharar. Gola ya shiga gabanta ba tare da an ce ya shiga ba.

"Ɗauke ni nan! A nan nake tsayawa. Ni kaɗai ne gola a duniya da ke kama ƙwallo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana toshe hanci. Rannan na yi tsalle na kamo abu, na rungume, ina murna, ashe mataccen zakara ne! Duk zaɓe sai su zo su ba mu riga mai hotonsu. To ga rigar, da ita nake goge baƙin mai. Ni tambayata ɗaya ce ga duk mai son kujerar nan: yaushe za a kwashe wannan abin? Ba na son 'in Allah ya yarda' kawai. Allah ya daɗe da yarda, ku ne ba ku yarda ba!"

Auta ta yi dariya har kyamara na rawa a hannunta. Sai kuma ta daina dariyar, ta zuba masa ido.

"Gola, ka yarda in nuna wannan gobe?"

"Ni? A babban allo?" Ya shafa kai. "To bari in je in yi aski mu sake."

"Wallahi ba za mu sake ba. Haka nake so."

Da ƙyar Manaja ya amince a karo na biyu. Ranar Lahadi ana tafiya hutu, samari suka fara miƙewa, sai ga fuskar Gola ta cika allo, da baƙin mai a kumatu.

"Kai! Gola ne!"

"Gola a talabijin!"

Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo da gudu. Da aka zo wurin mataccen zakara, ɗakin ya kece da dariya, wani har ya faɗo daga benci. Da aka zo ƙarshen maganarsa kuwa, sai tafi da buga benci. Aka ɗaga Gola sama kamar ya ci kofi.

"A maimaita! A maimaita!"

Auta na tsaye a lungu, hannunta a kan baki. Kafin a dawo daga hutu an kewaye ta.

"Anti, ni ma ina da tambaya!"

"Ni za ki fara ɗauka, tawa ta fi ta Gola zafi!"

Ta hau kan benci don su ji ta. "Ku saurara! Kowa zai yi tambayarsa. Zan kwashe su in kai wa 'yan takara, su amsa a gaban kyamara, in kawo muku amsar nan ɗakin. Amma ku sani, ɗan takara ba ya jin tsoron wanda ba shi da ƙuri'a."

Gola, wanda aka sauke yanzu, ya karɓe zancen. "Kun ji ko? Daga yau ni ne mai tsaron kyamara. Ba kati, ba tambaya. Ko ƙanena ne."

"Kai kana da shi?" wani ya jefo daga baya.

Gola ya yi tari. "Gobe da safe zan samu."

Aka sake fashewa da dariya.

Da safen kuwa ba shi kaɗai ya je ba. Ma'aikatan rajista suka ɗaga kai suka ga layi ya fita ƙofa ya zagaye kwana. Mai gyangyaɗin nan sai da ya aika a ƙaro musu mutum. Auta ta ɗauki layin tun daga farko har ƙarshe, tana tafiya da baya, Gola na riƙe da ita kada ta faɗa kwata.

Kwanakin da suka biyo baya ko zama ba ta yi. Gola ya ɗaure makirufo a jikin sandar mofa ta goge ɗaki, ya zama mai ɗaukar sauti. Suka shiga garejin kanikawa, suka shiga shagon aski, suka tsaya a tashar masu babur. Auta ta ce ba maza kaɗai ke da baki ba, suka nufi shagon ɗinki inda 'yan mata ke koyon sana'a. Da farko duk suka rufe fuska suna dariya. Sai wata doguwa mai almakashi a hannu ta matso.

"Ni ɗauke ni. Fitilun titinmu sun mutu tun ina aji uku. In mun tashi daga aiki sai mun haɗu mu biyar muke iya bin hanyar. Ina so in ji wanda zai gyara, kuma ina so in ji yaushe."

Daga nan sai ga su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta tambayi dalilin da ya sa asibitin unguwa ke rufewa tun la'asar. Wani mai wankin mota ya tambayi inda kuɗin harajin da ake karɓa a hannunsu ke zuwa. Wani ɗalibi ya ce shi yana so kawai ya san mene ne aikin kansila, don bai taɓa ganin an yi ba.

Matsalar guda ce, kuma tana cikin gidansu Auta. Kansila mai ci, wanda ke neman komawa, ƙanen mahaifiyarta ne.

Kawu ya zo gidan da kansa wata ranar Talata da rana, ya zauna a kujerar da ya saba zama a falo, Umma ta kawo masa ruwa mai sanyi. Mutum ne mai fara'a da son a yabe shi, kuma yana ji da Auta tun tana ƙarama.

"'Yata ta kaina!" ya ce. "An ce kin zama babbar darakta. To ga aiki ya zo har gida. Za ki yi mini fim, ina tafiya a hankali, ina gaisawa da jama'a, kiɗa na tashi."

Auta ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta buɗe kwamfuta. "Kawu, akwai wanda ya fi wannan. Ga tambayoyin matasa. In ka amsa, wallahi sai sun fi ganin girmanka."

Ya kalli Gola da zakaransa, ya yi murmushi. Ya kalli yarinya mai almakashi, murmushin ya ragu. Da aka zo kan ɗalibin da bai san aikin kansila ba, sai ya rufe kwamfutar da kansa.

"Yaya, kin ga abin da 'yarki ke yi? Ta tara mini yara su yi mini titsiye. Ni sa'ansu ne?"

"Ba titsiye ba ne, Kawu. Su ma sauran 'yan takarar haka zan kai musu."

"To kai musu. Ni ban da lokacin wasan yara."

Bayan ya tafi Umma ta shiga goge teburin da ba shi da datti.

"Auta, ƙanena ne fa. Ni na goya shi."

"Na sani, Umma."

"Kada ki kunyata mini shi a gaban mutane."

"Ba zan yi masa ƙarya ba, ba kuma zan yi wa mutane ƙarya saboda shi ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Umma ta yi tsaki ta shige kicin.

Sauran 'yan takarar biyu ba su ba da wahala ba. Na farko mai gidan bulo ne, ya karɓe su a ofis mai sanyi, ya sa aka kawo lemo. Kowace tambaya aka kunna masa sai ya buga tebur.

"An gama! Shara? Sati ɗaya. Fitila? Sati ɗaya. Asibiti? Zan gina sabo, mai hawa uku."

"Yallaɓai, da wane kuɗin?" in ji Auta.

Ya dubi yaransa, ya dubi silin. "Wannan kuma sirrin jam'iyya ne."

Gola ya cije leɓe yana danne dariya har sandar makirufo na karkarwa.

Ta biyun tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kowa na ce mata Sista. A tsakar gidanta suka same ta tana shanya. Ta sa tabarau ta kalli kowace tambaya har ƙarshe. Ta amsa ta asibiti dalla-dalla, don ta san ciki da wajensa. Da aka zo kan shara sai ta ce, "Wannan yaron ya ba ni dariya, amma gaskiya ban san wanda ke da motar kwasar shara ba. Ku dawo jibi, zan je in tambayo." Da suka koma kuwa ta tambayo.

Auta ta zauna tace fim ɗin a shago, yayanta na leƙowa yana cewa ta bar masa kwamfuta ya yi aikin mutane. Ta jera tambaya, amsar mai bulo, amsar Sista. Sai gurbin Kawu. Ta rasa yadda za ta yi da shi. In ta tsallake shi, za a ce ta rufa wa ɗan'uwanta asiri. In ta yi masa ba'a, ta san ba za ta iya haɗa ido da Umma ba. A ƙarshe ta juya kyamara ta fuskanci kanta, karo na farko a rayuwarta.

"Kansila mai ci kawuna ne," ta ce. "Ina ƙaunarsa. Na kai masa tambayoyinku, ya ce ba zai amsa ba. In ya sauya shawara, kyamarata na nan."

Ranar da aka nuna, Manaja ya ƙaro benci biyu a gefe saboda 'yan matan shagon ɗinki sun ce sai sun zo. Aka yi ta shewa ga mai bulo, "sirrin jam'iyya" ya zama abin tsokana nan take. Aka yi wa Sista tafi. Da fuskar Auta ta fito ta yi maganarta, kowa ya zuba wa allo ido. Sai wani daga baya ya fara, a hankali, yana buga benci:

"Kawu ya zo! Kawu ya zo!"

Kafin ka ce me, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Kafin dare ya yi, fim ɗin ya shiga wayoyi. Washegari masu babur na wucewa ta gaban ofishin kansila suna danna oda suna "Kawu ya zo!" Mutanen da ba su haɗa komai da shi ba duk sun mayar da shi kawunsu.

Auta ta koma gida tana ɗari-ɗari. Ta tarar da Umma zaune da waya a hannu, maƙwabciya ta turo mata fim ɗin.

"Na gani," in ji Umma. "Sau uku na kalla." Ta ajiye wayar. "Ba ki zage shi ba."

"A'a, Umma."

"Yarinyar nan mai maganar fitila, 'yar wace ce? Gaskiya ta faɗa. Ni ma ba na bin titin nan in magariba ta yi." Ta miƙe ta ɗauki mayafinta. "Bari in je gidansa."

Abin da ta faɗa wa ƙanenta ba wanda ya ji. Matarsa dai ta ce an rufe ƙofar falo, kuma muryar mutum ɗaya kawai aka riƙa ji.

Asabar ta zo da babban wasa, irin wanda ake cika tun kafin a fara. Auta na gyara waya a bayan allo sai Gola ya faɗo ciki yana haki.

"Darakta! Darakta! Kunna kyamara! Ga shi nan!"

"Wa?"

"Kawunmu!"

Ta yi maza ta ɗora kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku. Ana hura usur na hutu Kawu ya shigo, shi da direbansa kaɗai, ba 'yan rakiya, ba masu kirari. Ɗakin ya ɗauki ihu har kwanon rufi na amsawa. Manaja ya ruɗe, ya goge kujerarsa da hularsa ya miƙa.

"Ranka ya daɗe, bisimilla, bisimilla!"

Kawu ya ƙi zama. Ya karɓi makirufo, ya dubi sandar mofar da aka ɗaure shi a kai, ya girgiza kai.

"An ce in zo. To ga ni. Wa zai fara?"

Gola ya fara. Kawu ya ce motar shara ba a hannun kansila take ba, a hannun hukumar tsafta take, kuma ya kai kuka ya gaji. "Amma in kuka cika mota biyu kuka raka ni ofishinsu ranar Litinin, da kyamarar nan, mu ga ko za su ce ba sa nan."

"Za mu je!" ɗakin ya amsa.

Ɗalibin nan ya tashi ya maimaita tambayarsa a gaban mai ita. Kawu ya ja numfashi, ya shiga lissafa abin da kansila ke iya yi da wanda ba ya iyawa. Da yawa a ɗakin ranar suka fara ji.

Sai yarinya mai almakashi ta miƙe daga bencin mata. Yau ba almakashi a hannunta, amma muryarta na nan yadda take.

"Baba, fitilun fa? Su ma na hukumar tsafta ne?"

Aka yi "Wooo!" Kawu ya share gumi. Ya saci kallon Auta, ya ga jar fitilar kyamara na kallonsa.

"Wannan kam nawa ne," ya ce. "An kawo mini maganar, na sa a gaba, na bari ta kwanta. Ba ni da hujja."

Ba wanda ya zaci haka. Sai tafi ya ɓarke, har da masu yi masa ihu ɗazu.

Ana cikin haka Manaja ya duba agogo ya zabura. An dawo daga hutu tuni. Ya mayar da allo kan wasa. Sai ɗakin ya juyo kansa gaba ɗaya.

"Kashe! Kashe ƙwallon!"

"Manaja, ba ka ga ana magana ba?"

Manaja ya tsaya da rimot a hannu, baki buɗe. Ya juya ya dubi Auta. "Ƙanwata, me kika ba yaran nan? Shekara nawa ina wannan sana'a!"

Aka ci ƙwallo biyu a wasan nan, ba wanda ya gani. Hannuwa na sama, kowa na son a ba shi makirufo. Auta na bayan kyamara, hawaye na zuba, tana dariya, ba ta ko iya sharewa don kada hoto ya girgiza.

Ranar Litinin mota biyu ba ta isa ba, sai da aka ƙara da babura. Kafin sati ya zagayo motar shara ta shigo unguwa, yara na bin ta da gudu. Gola ya tsaya a tsakiyar fili yana ba direban umarni kamar shi ya saye ta. Da turken ragar da ya nutse ya fito, rungume shi ya yi.

Mai bulo ya ga abin da ke faruwa, ya aiko a tambaya ko za a sake ɗaukarsa, ya shirya amsa. Auta ta koma ta ɗauke shi. Ta nuna duka ukun a jere a Asabar ta ƙarshe, ba ta ce a zaɓi kowa ba. Da aka matsa mata ta faɗi nata, ta ce, "Ni mai ɗauka ce. Kun ji da kunnenku."

Ranar zaɓe tun da hantsi layin makarantar firamare ya kai bakin titi. Kanikawa da kayan aikinsu, 'yan shagon ɗinki da lema, masu babur sun jera baburansu a inuwa. Wata tsohuwa da ta saba zuwa ta gama cikin ɗan lokaci ta tsaya tana mita. "Yau kuma daga ina waɗannan suka fito?" Samari suka matsa mata ta wuce gaba. Gola ya fito daga rumfa yana ɗaga babban yatsansa mai tawada, yana nuna wa kowa, har da ɗan sandan da ke gadi.

Aka ƙirga a gaban jama'a, ana faɗa ana amsawa. Sista ce ta ci, Kawu na bin ta a kusa ƙwarai. Mai bulo ya zo na uku.

Auta ta yi murna a fili, amma da ta doshi gida sai ta tuna da Kawu. Washegari da rana Kawu ya zo. Ya zauna a kujerarsa. Umma ta ajiye masa abinci, ya ci, ba ya kallon kowa. Auta ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Sai da ya wanke hannu ya ɗago.

"Ke, zo nan."

Ta matso.

"Na kalli fim ɗin nan naki. Ina da ƙorafi."

"To, Kawu."

"Wane irin ɗauka kika yi mini? Kowa sai ce mini yake ashe haka tumbina ya yi girma. Ba ki iya ɗauka daga sama ba ne?"

Umma ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Auta ta bi. Kawu ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba," ya ce da dariyar ta lafa. "Amma ƙuri'ar da na samu bana ta fi wadda na ci zaɓe da ita wancan karon. Ki duba wannan abu! Na faɗi da ƙuri'a fiye da wadda na ci da ita." Ya nuna ta da yatsa. "Saura kuma ki ƙyale Sista. Yadda kika tsare ni, haka za ki tsare ta. Ni ma yanzu ina da tambayoyi, kuma ina da kati."

"Sai ka bi layi, Kawu. Gola ba ya ɗaga wa kowa ƙafa."

Ana haka aka yi sallama a ƙofar gida. Auta ta leƙa. Gola ne a kan babur, bayansa wasu 'yan mata uku da samari biyu da ba ta taɓa gani ba, kowa da waya a hannu.

"Darakta, baƙi kika yi daga mazaɓar gaba," in ji Gola. "Sun ce su gadarsu ce ta karye, kuma suna da gidan ƙwallo har biyu. Wai ki koya musu."

Wata daga cikinsu ta matso, tana jin kunya tana kuma zumuɗi. "Anti, ba mu da kyamara. Waya kawai gare mu. Za ta yi?"

"Za ta yi mana!" in ji Auta. "Mu gani. A'a, ba a tsaye ba, kwantar da ita haka. Yawwa. Riƙe da hannu biyu, ki manne gwiwar hannunki a jiki. Wa ya fi kowa surutu a unguwarku?"

Su biyar ɗin suka nuna junansu a lokaci guda.

Auta ta juya cikin gida da gudu. "Umma, na fita! Kawu, a huta lafiya!"

"Takalminki!" Umma ta ƙwala mata kira. "Auta, ƙafa ɗaya kika sa!"

Ta dawo da tsalle ta zura ɗayan, ta suri jakar kyamara, ta fice.